Inna Tir da Sarƙa Mai Ido Ɗari Uku

A hawa na uku na dogon benen da ke bayan tashar mota, ƙofa ta biyu a hannun dama, akwai wata mata da ake kira Inna Tir. Ba sai an nuna maka ƙofar ba. Ita ce wadda mariƙinta ya sirance saboda wanki, kamar sabulun da ya kusa ƙarewa. Tana da sunan yanka kamar kowa, amma ya ɓace tun kafin a yi wa benen fenti na biyu, domin duk abin da ta gani a duniyar nan kalma ɗaya take ba shi. Ƙuda ya gifta, tir. Wani ya soka yatsa a kunne, tir. Maƙwabci ya yi atishawa a hawa na ɗaya, ita tana na uku, sai ta ce tir, ta rufe tukunya.

Ƙyanƙyamin nata ba koyo ta yi ba, da shi aka haife ta. Yayyenta sun rantse cewa tana jaririya ma sai ta ƙare wa nono kallo kafin ta kama. Cokali sau uku take wanke shi, na farko don abincin, na biyu don bakin da ya ci, na uku don ruwan da ya wanke na biyun. Kofinta daban ne, ja, yana rataye a wata ƙusa can sama inda sai an taka kujera. Baƙo in ya tashi tafiya takan raka shi da fara'a har bakin matakala, sannan ta dawo da sauri ta goge kujerar tun da ɗuminsa a kai.

Allah da ikonsa, sai ya haɗa ta aure da Direba, mutumin da ya shekara talatin da biyu yana jan bas a cikin gari, kuma ba abin da yake so a duniya kamar kan kifi. Ita kuwa a duk halittun Allah ba abin da ta tsana kamar kifi. Dalilinta ɗaya ne: abin da ya mutu bai rufe ido ba, ba shi da kunya. Tun makon farko na aurensu ta kafa doka cewa kifi ba zai tsallaka dokin ƙofarta ba, ko soyayye ko ɗanye ko a hoto. Don haka Direba a kan matakala yake cin nasa, tsakanin hawa na biyu da na uku, ya shimfiɗa tsohuwar jarida a cinya, magen benen tana gefe tana taya shi hira. In ya gama ya sauka famfon ƙasa ya wanke hannu da baki da gashin baki, ya hau, ya tsaya a ƙofa ya hura mata numfashi. In ta ce shigo, ya shiga. In ta ce tir, ya koma famfo. 'Ya'ya huɗu suka haifa, kuma har yau mutanen benen suna mamakin yadda aka yi.

Sana'arta ɗinkin duwatsu ne. Ita ke yi wa riguna ado da ƙananan duwatsu masu ƙyalli, ita ke jera sarƙa da abin hannu, tun tana 'yar shekara tara a gaban gwaggonta. A zamanin da take tashe, mata sukan jira wata uku kafin layi ya zo kansu. Aikinta ba ya zuba. Riga takan yage, ta zama tsumma, a goge ƙasa da ita, amma dutse ɗaya ba zai bar wurinsa ba.

Sai dai akwai wani abu da duk benen ya sani, ba mai faɗa a gabanta. Da baki take aikin.

Haka gwaggonta ta koya mata. Takan ɗebi duwatsu cikin tafin hannu ta watsa a baki kamar mai shan magani, ta tura su kunci. Daga nan harshe ne ke aiki. Shi ke laluben babba da ƙarami, shi ke gane mai tsaga da wanda hudarsa ta toshe, ya ware marasa kyau zuwa kuncin hagu, ya turo na kirki ɗaya bayan ɗaya zuwa leɓe, hudar tana kallon waje, allura ta zo ta ɗauka. An ce ido ba mudu ba ya san kima, to ita harshenta ya fi mudu, ya fi sikeli. Ke nan duk matar da ta taɓa yin yanga da adon Inna Tir, da yawun Inna Tir ta yi yanga. Ranar da wata surukarta ta yi kuskuren ambata wannan, sai ta dube ta sama da ƙasa ta ce, "Bakina ai ya fi farantinki tsabta." Maganar ba ta sake tashi ba, don gaskiya ce.

Zamani ya juya. Wani mutum ya buɗe shago a ƙasan benen, da wata 'yar bindiga mai narka gam. Ya ɗiga gam, ya manna dutse, ya ɗiga, ya manna, kafin shayi ya huce ya gama riga. Mai Gam ake ce masa. Duwatsunsa sukan fara zuba tun a cikin mota, har ana iya bin sawun mai rigar da su zuwa inda za ta, amma mata suka koma wurinsa, don ba mai son jiran wata uku. Ita kuma idonta ya fara raguwa, aka ba ta tabarau mai kauri kamar gindin kwalba. Ta koma zama a bakin taga, tana leƙen shagon tana cewa tir, ba mai jin ta sai labule.

Cikin 'ya'yanta Auta ce kaɗai ta gado hannun, ita ce kuma ta shiga makarantar koyon zanen kaya da kayan ado da ke tsallaken gada. Makaranta ce mai wuyar sha'ani. Bara Auta ta kai musu sarƙar furanni a jarrabawar fita, sarƙar da Inna Tir da kanta ta ce babu laifi, wanda a bakinta ya kai a ce an ba mutum kyautar gida. Malamarsu, wata doguwa mai aski ƙwal da ɗankunne ɗaya da aka yi da cokalin shayi, ta ɗaga sarƙar da yatsa biyu ta ce, "Kyau kawai ke gare ta. Ba ta sa na ji komai a cikina ba." Aka kayar da Auta. Dokar makarantar kuwa sau biyu ake gwadawa. Wanda ya faɗi na biyu sai ya kwashe almakashinsa, ba takarda ba komai.

Saura mako ɗaya a yi jarrabawar bana, Auta ta shigo da wani gwangwanin biskit a hammata.

"Mama, ina da aiki, kuma ba mai iya shi sai ke."

"Kin wanke hannu?"

"Na wanke."

"Gwangwanin fa?"

"Shi ma."

Aka buɗe. Inna Tir ta gyara tabarau, ta yi shiru, abin da ba ta saba ba. 'Yan ƙwallaye ne zagayayyu, wasu farare kamar madara, wasu ruwan zuma, kowanne da wani ɗan duhu a can tsakiyarsa, in haske ya taɓa su sai ka ga kamar sun motsa. Akwai ƙanana kamar kan ashana, akwai manya kamar ƙwayar wake, an huda kowanne tsaf an shafa masa man ƙyalli. Shekara hamsin tana taɓa duwatsu ba ta taɓa ganin irinsu ba.

"Daga ina?"

"Daga ruwa, Mama."

"Lu'ulu'u ne?"

Auta ta ɗaga kai ta dubi silin. "Maƙwabtansa ne."

Ta shimfiɗa zanen aikin. Sarƙa ce mai layi biyar, guda ɗari uku cif, za ta faro da ƙanana daga ƙeya, suna girma a hankali har su haɗu a ƙirji wurin wani babba guda ɗaya. Sharaɗin shi ne kada ido ya gane inda ƙarami ya ƙare babba ya fara. Auta ta gwada da ma'auni, ta gwada da rariya, kullum sai layin ya fito kamar haƙoran tsoho.

Inna Tir ta janyo gwangwanin gabanta. Ta ɗebi cikin tafi ta watsa a baki. Auta ta rufe ido.

"Da ɗan gishiri-gishiri," in ji Inna Tir ta gefen leɓe.

"Ai na ce miki daga ruwa suke."

Kwana huɗu aka yi ana aiki, kuma kwana huɗun nan ba wanda ya huta a benen. Takan buɗe taga ta yi magana da matar hawa na biyu da ƙarfin da zai kai shagon ƙasa: "Kayan teku ne, 'yar uwa! Irin wanda ba a manna shi da majinar bindiga!" Ta gama layi uku, sumul kamar ruwa ya zubo. Abu biyu kawai suka ɗaure mata kai. Magen benen, wadda ta san matsayinta shekara da shekaru, ta dawo ta tare a bakin ƙofarta tana kuka kamar an yi mata alkawari. Sannan Direba, wanda wata uku ke nan yana tura abincin gida gefe yana cewa ciki ba daɗi, sai ƙiba yake yi, wuyansa har ya yi ninki, leɓensa yana sheƙi.

A rana ta biyar da hantsi aka buga ƙofa. Mai Kifi ce, matar da ke soya kifi a bakin tasha, mai murya kamar hon ɗin tirela. Tun da aka gina benen ba ta taɓa zuwa hawa na uku ba, ta san ba a son ta. Inna Tir ta buɗe ƙofar kaɗan, kumatunta cike da kayan aiki, ta toshe hanci da gefen mayafi.

"Sannu da hutawa, matar Direba! Mantuwa maigidan ya yi a kan bencina, na ce bari in kawo kada kaji su tsince."

Ta warware wata takarda mai maiƙo. Ga 'yan ƙwallaye guda shida, farare, irin na gwangwani sak, sai dai ba ƙyalli, ɗaya ma da ɗan ragowar nama a jikinsa.

"Mmm?" in ji Inna Tir.

"Idanun mana! Na sarƙar Auta. Ai ki gode wa Allah, mijinki gwani ne. In ya kama kan kifi ya tsotse ido, ya juya shi a baki, ya furzo ƙwayar, wallahi fes, kamar an wanke da sabulu. Kai biyu kullum, wata uku bai yi fashi ba. Ni dai ban taɓa ganin uba mai son karatun 'yarsa haka ba."

Masu hawa na ɗaya sun ce sun ji ƙarar kamar an watsa tsakuwa a kan kwano. Ido arba'in da wani abu suka fita daga bakin Inna Tir a lokaci guda. Wasu suka bugi ƙirjin Mai Kifi, wasu suka gangara matakala suna tsalle, sauran suka bazu a kan simintin da ake wankewa sau biyu a rana, kowanne ya tsaya ya zuba mata ido. Ta buɗe baki za ta ce tir, kalmar ta ƙi fitowa. Abin ya fi ƙarfinta.

Ta kurkure baki da ruwan gishiri, da ruwan zafi, da lemun tsami. Ta goge harshe har buroshi ya baje. Sannan ta kwanta ta juya wa duniya baya. Direba da Auta suka tsaya a bakin ƙofar ɗaki kamar waɗanda aka kama da akuyar mutane.

"Mama, sau uku na dafa su. Na shanya, na shafa mai har sau biyu. Sun fi cokalinki wanku."

Inna Tir ta ja bargo ta lulluɓe har kai.

"Mai ɗakina," in ji Direba a hankali, "ni kaɗai na yi, wallahi. Abokaina sun so su taya ni, na ce a'a, na san halinki, ba za ki so bakin bare ba."

Daga kan gado aka ji muryarta: "Shekara talatin da biyar ban sha ruwa a kofinka ba."

"To ai ga shi Allah ya haɗa mu ta wata hanyar."

Takalmi ya biyo bayan maganar, ya same shi a ninkin wuya.

"Ke kuma," ta ce wa Auta, har yanzu tana kallon bango, "duk duwatsun da ke kasuwa, me ya kai ki idon matacce?"

"Mama, mace tana sa sarƙa ne don a kalle ta. Ni so nake sarƙar ma ta kalli mai kallo. Ya matso don ta yi masa kyau, in ya gane ko mene ne ya ja baya, sannan ya kasa haƙuri ya sake matsowa. Ke ma kin ce ba ki taɓa ganin irinsu ba."

"Ban ce ba."

"Kin yi shiru. Shirunki ai ya fi magana."

Washegari, saura kwana biyu, Inna Tir ta tashi ta ce za ta ƙarasa, amma ba da baki ba. Ta sa safar hannu, ta ɗaure hanci da ƙyalle, ta zuba idanun da aka tsinto aka sake dafawa a faranti, ta ɗauko matsefata, irin ta cire ƙaya. Nan fa aka ga abin tausayi. Ta kama wannan ya tsere, ta kama wancan ya yi tsalle ya faɗa bayan kabad. Tabarau ya nuna mata duk girmansu ɗaya. Ta nemi huda ta rasa, allura ta soki safa ta soki yatsa. Daga safe zuwa azahar ta jera goma sha ɗaya, da ta ɗaga zaren sai ga babba kusa da ƙarami, ƙarami kusa da babba, kamar iyali sun fito ɗaukar hoto. Sau biyu tana kama hannunta a hanya zai kai baki, ta buge shi da ɗayan. Sabo turken wawa, in ji masu magana, amma ba wanda ya yi ƙarfin halin faɗa mata.

Auta ta daɗe tana kallon zaren. Ba ta yi kuka ba, ba ta yi roƙo ba. Ta tattara idanun ta mayar a gwangwani, ta naɗe layi ukun da aka gama, ta ce, "Bar shi, Mama, kin yi ƙoƙari. Zan kai wa Mai Gam ya manna sauran a kan ƙyalle. Ko ba su ba ni takardar ba, a ce dai na kai wani abu."

Ta fita. Inna Tir ta zauna tana jin takunta yana sauka, hawa na biyu, hawa na ɗaya. Ta ce a ranta ba ruwanta. Ta ɗauki tsumma ta goge teburin da ta riga ta goge. Sai ta tsinci kanta a bakin taga.

Mai Gam ya fito da tebur waje don haske, ya baje layi ukunta a kai kamar kayan gwanjo. Ya ɗaga bindiga, ya ɗiga gam a kan ido na farko, gam ɗin ya malale ya rufe duhun tsakiyar, wani siririn zare ya biyo bakin bindigar kamar yanar gizo. Ya ɗaga kai sama, ya san tana nan, ya ce da ƙarfi, "Kada ki damu, 'yan mata, minti ashirin. Ai dama bakin tsohuwa ya isa ritaya."

Ba wanda ya taɓa ganin Inna Tir ta sauka matakala ba tare da ta naɗe hannu da ƙyalle kafin ta riƙe ƙarfen dafawa ba. Ran nan da tafin hannu tsirara ta riƙe shi, hawa uku, tana saukowa kamar ruwan sama. Ta isa teburin ta tsaya. Ta dubi idon da gam ya makantar, ta dubi zaren gam ɗin da ke lilo, sai kalmar da ta maƙale mata tun jiya ta fito da dukan ƙarfinta.

"Tir!"

Ta fizge gwangwanin. A gaban Mai Gam, a gaban mai facin taya da masu jiran mota da matar hawa na biyu da ta leƙo da ludayi a hannu, ta ɗebi cikin tafi, ta rufe ido, ta yi bisimilla, ta watsa a baki. Aka jira a ga ko za ta fesar. Sai aka ga kuncinta ya fara motsi, dama, hagu, dama. Ta turo ɗaya kan leɓe, ta cire, ta ajiye a gaban Mai Gam.

"Wannan ya tsage," ta ce ta gefen baki. "Manna shi a goshinka."

Kafin la'asar ta washegari layi biyar sun haɗu. Sai aka zo sa babban na tsakiya aka neme shi aka rasa. Ashe yana cikin waɗanda suka gangara matakala, kuma mage ta kwana biyu tana yawo da fuskar wanda ya san wani abu. Aka zazzage gwangwani, ba wanda ya kai rabinsa.

Inna Tir ta cire tabarau ta goge, ta mayar. "Baban Auta."

"Na'am."

"Je ka wurin matar nan mai ihu. Ka ce ta ba ka kan da ya fi kowanne girma."

"To. In na gama a matakala sai in..."

"Nan za ka kawo shi. A kan teburin nan. Ban yarda da aikin da ban gani ba."

Direba ya dubi Auta, ya dubi matarsa, ya fita da sauri kada a canza magana. Ya dawo da wani kai kamar na jariri, ya tsaya a dokin ƙofa ya ɗaga ƙafa a hankali, ya tsallaka. Aka shimfiɗa jarida bakwai. Ta zauna gabansa da ƙyalle a hanci tana ba da umarni.

"Ban da haƙori! Tura shi kunci. Juya shi da harshe, a hankali, ba tuƙin bas ba ne. Kai, shekara nawa kana wannan abin ba ka iya ba?"

"Kifi na ganinki, mai jar koma," in ji shi da cikakken baki, yana nuna mata ɗayan idon.

"Ci ka ba ni kayana."

Ya furzo shi a cokali, fari tas, zagayayye kamar an auna. Ta matso da tabarau ta duba ta ko'ina. "Babu laifi," ta ce. Direba ya ce a duk zaman aurensu wannan ce magana mafi daɗi da aka taɓa gaya masa. Auta ta dafa shi sau uku, na ukun don uwarta, ta busar da injin busar da gashi, ta huda, ta shafa mai.

Ranar jarrabawa Inna Tir ta je da kujerarta ta ninkewa da kwalbar ruwanta. Zauren cike yake da abubuwan da ko a mafarkin zazzaɓi ba ta taɓa gani ba. Wani ya yi abin wuya da gashin da ake cirowa daga magudanar banɗaki. Wata ta yi 'yan kunne da yankakken farce. Akwai zobe mai haƙorin kakan mai shi, akwai riga da aka yi da fatar albasa. Auta ta riƙe hannun uwarta tana jiran a fara ruwan tir. Aka fara kuwa, amma ba inda ta zata ba. Inna Tir ta tsaya gaban abin wuyan gashin, ta sunkuya har hancinta ya kusa taɓa shi, ta ce wa mai shi, "Tir. Ɗana, wa ya koya maka ƙulli? Ga bakin zare nan a waje kamar jelar ɓera." Ta juya zoben haƙori ta ga gam a ƙasa, ta ajiye ta goge hannu, ba don haƙorin ba.

Da aka zo kan Auta, wata doguwar yarinya ta fito da baƙar riga, sarƙar a wuyanta, ta taka zuwa ƙarƙashin fitila. Ido ɗari uku suka kama haske suka juyo kan jama'a. Malama mai ɗankunnen cokali ta taso ta matso, ta karanta 'yar takardar da ke bayani, ta ja da baya tana dafe ciki, sannan ta sake matsowa. Ta bi layin da yatsa daga ƙeya har ƙirji.

"Da wane ma'auni kika jera su? Ban ga inda suka canza girma ba."

Auta ta fara kame-kame. Daga kujerar ninkewa aka amsa: "Da harshe."

Aka yi wa Malama bayani tun daga matakala har kunci. Ta dafe ƙirji, ta ce wannan shi ne abin da take nema shekara goma, dole a rubuta a takardar cewa kowane ido ya bi ta bakin uba, ya bi ta bakin uwa, kafin ya hau wuya. Inna Tir ta ce in aka rubuta haka sai ta kai ƙara. Aka daidaita a kan a rubuta cewa aikin iyali ne. Auta ta ci, har aka sa sarƙar a akwatin gilashi a bakin ƙofar makarantar, inda mai gadi ya ce ba ya son juya mata baya.

Yanzu 'yan makarantar nan ne ke zuwa hawa na uku da gwangwanayensu, da fukafukan ƙwari da ƙashin kaza da abubuwan da ba a tambaya. Dokarta biyu ce: a dafa sau uku, kuma kada a gaya mata ko mene ne sai ta gama. Mai Gam yana gaishe ta da hannu biyu. Kifi kuwa an ba shi izinin shiga ran Asabar kaɗai, a kan jarida bakwai, taga a buɗe.

Asabar ɗin da ta wuce ƙaya ta maƙale wa Direba, ya hau tari yana laluben ruwa. Matar hawa na biyu, wadda ta shigo aron almakashi, ta rantse da idonta ta ga Inna Tir ta taka kujera ta sauko da jan kofin, ta cika ta miƙa masa. Ya sha, ya dawo hayyacinsa, ya riƙe kofin yana kallonta kamar sabon ango.

"Mai ɗakina, kofinki ne fa."

"Na sani," in ji ta. "Riƙe shi, ya zama naka. Gobe ka sayo mini wani."